Wane album ne ya fi ciniki a shekara?

Ɗan'uwa tambayarka ita ce ya ake gane album ɗin da ya fi kowanne ciniki a shekara, tunda kun yi musu a majalisa nan Gombe kowa na kawo nasa. To ka fara tambaya a wace ƙasa, don Billboard 200, jerin album ɗin da mujallar waƙa ta Billboard ke fitarwa, lissafin Amurka kawai yake yi, Ingila na da nata, na duniya gaba ɗaya kuma IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, ke fitarwa. Misali album ɗin Adele mai suna 21 shi ya fi ciniki a Amurka a 2011 ya kuma maimaita a 2012, Thriller na Michael Jackson kuwa ya fito ƙarshen 1982 amma 1983 da 1984 ne ya riƙe saman jerin Billboard na shekara.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ga album ya hau lamba ɗaya sati guda su ce shi ne na shekara, a'a, jimillar shekarar ake dubawa. Kuma daga ƙarshen 2014 Billboard ta fara haɗa sauraron intanet cikin lissafi, saboda haka kar ka gwada alkaluman yanzu da na zamanin kaset da CD.

Abin da ke damuna ni shi ne mawaƙanmu na Hausa, wallahi ana jinsu sosai amma yawanci turawa ake a shagon caji ko ta Xender, babu mai ƙirgawa. Na Najeriya duba TurnTable Charts. In rubutun makaranta ne ko shirin rediyo, ka ɗauko alkaluman daga rahoton IFPI ɗin kansa, ka nuna wa malaminka kafin ka yi amfani da su.