Ciwon da Ke Tashi Bayan Cin Maiƙo: Olsa Ce ko Tsakuwar Maɗaciya?

Tambaya: Likita, ni mace ce, shekarata 42. Duk ranar da na ci abinci mai maiƙo, musamman da dare, sai ciwo ya turnuƙe ni a ƙasan haƙarƙarin dama, har ya harba bayana. Na sha maganin olsa har na gaji, babu sauƙi. Me ke damuna?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ban duba ki ba, amma bayaninki ya fi kama da tsakuwar maɗaciya.

Maɗaciya 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana adana ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Da zarar an ci mai sai ta matse don ta tura ruwan cikin hanji. In akwai tsakuwa a bakinta, matsewar ce ke jawo ciwon. Ciwo ne mai tsayawa cak, juyi a kan gado ko gyatsa ba sa rage shi. Yakan kai allon kafaɗar dama, da tashin zuciya ko amai, ya yi minti 30 zuwa 'yan awanni, sannan ya lafa. Da yawa suna ɗauke da tsakuwar ba su ma sani ba. An fi ganinta ga mata, masu ƙiba, waɗanda suka haura 40, masu juna biyu, wanda ya rame farat ɗaya, da masu sikila.

Abin da nake so ki riƙe shi ne agogo da zafin jiki. Idan ciwon ya zarce awa 6, ga zazzaɓi da rawar sanyi, in an danna wurin kina jan numfashi sai ki ɗauke shi don azaba, to maɗaciyar ta kumbura. Kada a jira gari ya waye, asibiti kai tsaye. Haka nan in idanu sun yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koɗe: tsakuwar ta sauka ta toshe bututun ɗaci, kuma ƙwayoyin cuta na iya shiga jini.

Ki je a yi miki sikanin ciki da gwajin jini, ana zuwa ne ba a ci komai ba. Kafin nan ki rage maiƙo. Jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke tsakuwa kuwa, ɓata lokaci ne. In ciwon yana dawowa, maganinsa tiyata ce a cire maɗaciyar, galibi ta ƙananan huji, kuma hanta za ta ci gaba da tura ɗacin cikin hanji ba tare da ita ba.