Fulat mai wa'adi ko gida na dindindin: wanne zan saya a Ingila?

Tambaya: Barista, ɗana yana karatu a Manchesta kuma kuɗin haya ya ishe ni. Ina so in sayi wuri ya zauna, idan ya gama in zuba 'yan haya. Dillali ya nuna mini biyu: fulat a tsakiyar gari, mai sauƙin kuɗi, amma an ce saura shekara 83 a takardarsa, da wani tsohon gida a bayan gari, ya fi tsada, amma har ƙasar tawa ce. Shekara 83 ai ta wuce rayuwata. Me zai hana in ɗauki mai arha?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Lissafinki na shekaru daidai ne idan zama kawai ake magana, amma kasuwar gidaje a Ingila ba haka take lissafi ba.

Idan kika sayi fulat ɗin, abin da kika saya shi ne ikon zama a cikinsa har wa'adin ya ƙare. Ginin da ƙasar da yake kai na wani ne daban, kuma ranar da shekarun suka cika komai ya koma hannunsa. Ba baƙon abu ba ne a wurinki: takardar mallaka da gwamna ke bayarwa a Najeriya ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ita ma yawanci shekara 99 ce. Bambancin shi ne a can wanda ke samanki ba gwamna ba ne, sau da yawa kamfani ne da ya sayi ƙasar don ya ci riba da ita. Kuma kusan duk fulat a Ingila da Wales haka ake sayar da shi, don haka ba aibu ba ne a karan kansa.

Abin da ya dame ni shi ne lambar 83. Iyakar da kowa ke gudu ita ce 80. A ƙarƙashin dokar Ingila ta 1993, mai fulat yana da haƙƙin tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, a kuma soke kuɗin ƙasa, wato hayar da ake biyan mai ƙasa duk shekara, amma sai ya biya. Muddin wa'adin yana sama da 80, kuɗin da sauƙi. Da zarar ya faɗo ƙasa da haka, rabin duk darajar da ƙarin shekarun ya jawo wa fulat ɗin ya zama na mai ƙasa. Ga kuma bankuna, waɗanda ba sa son ba da lamuni a kan fulat mai gajeren wa'adi. Ke ko da kuɗi a hannu za ki saya, wanda zai saya daga wurinki gobe mai yiwuwa banki zai je. Kin ga ke nan kafin yaro ya karɓi shaidar digiri kin tsaya a bakin iyakar. Arhar da dillali ya nuna miki bashi ce da aka jinkirta.

Majalisar Birtaniya ta yi sabuwar doka a 2024 wadda ta tanadi soke wancan rabon da kuma kai ƙarin wa'adi zuwa shekara 990. Sai dai ba dukkan sassanta ne suka fara aiki lokaci guda ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka fara, tun ƙarshen Janairun 2025, shi ne cire sharaɗin sai mutum ya shekara biyu da saye kafin ya nemi ƙari. Kada ki saka dukiyarki a kan alkawarin doka. Lauyanki na can ya rubuta miki abin da ke aiki a ranar da za ki sa hannu.

Sai kuɗaɗen shekara-shekara. Akwai kuɗin ƙasa, wanda dokar 2022 ta hana a sababbin yarjejeniyoyi amma ba ta taɓa tsofaffi ba, kuma naki tsoho ne. Wasu takardun suna ɗauke da sharaɗin ninka shi duk bayan shekara 10. Akwai kuma kuɗin hidima, na inshorar gini, shara, lif da gyaran rufi, wanda ba ke kike yanka shi ba. Tun gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, dogayen gine-gine da dama sun shiga rikicin sauya kayan da aka lulluɓe bangonsu da shi, har wasu fulat suka ƙi sayuwa. Wanda ke zaune nesa ya fi kowa shiga haɗari a nan, domin wasiƙar neman biya tana iya kwana a akwatin ƙofa wata da watanni, alhali bashin da ya haura fam 350 yana iya buɗe wa mai ƙasa hanyar neman ƙwace fulat ɗin ta kotu. Ba kasafai ake kai wa nan ba, amma dokar tana nan. Ki kuma sa a duba ko yarjejeniyar ta yarda a ba da haya, tunda wasu sun hana ko sun ce sai da izini.

Gidan dindindin ba shi da wannan ɗawainiya. Babu wa'adi, babu mai ƙasa. Nauyinsa shi ne duk abin da ya lalace naki ne ke kaɗai, kuma tsofaffin gidajen Manchesta na jan bulo sun saba da danshi da yoyon rufi. Ki biya ƙwararren mai duba gini ya hau ya leƙa kafin a yi ciniki.

In ni ne, gidan zan ɗauka idan aljihu zai kai. In kuwa zuciyarki na kan fulat, hanya biyu ce: ko mai sayarwa ya ƙara wa'adin da kuɗinsa kafin a kammala, ko a sa mai ƙiyasi ya fitar da abin da ƙarin zai ci, a zabge shi daga farashi, ke kuma ki nema nan take.

Ko wanne kika zaɓa, haraji na jiranki. Wanda ba mazaunin Birtaniya ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin 100 a harajin sayen gida, sannan mai wani gida a ko'ina a duniya, har da na Kano ko Zariya, yana biyan ƙarin kashi 5. Akwai kuma maganar gado: gida a Ingila dokar Ingila ke raba shi, ba za a bi rabon Musulunci ba sai kin bar wasiyya da ta cika ƙa'idarsu, kuma harajin gado kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Ki ɗauki lauyanki na kanki a can, ba wanda dillali ya kawo ba, ki ce ya fara da ciro takardar wurin daga ofishin rajistar filaye tare da lissafin kuɗin hidima na shekara uku da suka wuce.