Ƙurar Gashin Kaza da Maganar Rigakafi

Jiya da la'asar, muna kwashe garin katakon ɗaki na uku, ka tsaya da shebur a hannu ka ce, "Maigida, wai gaskiya ne rigakafin da ba ya hana kamuwa shi ke ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi? In haka ne, ashe da hannunmu muke kiwon ciwo." Na ce maka bari mu gama aiki, don maganar ba ta tsaye ba ce. To ga ta yanzu, ɗana, ka buɗe kunne, domin tambayar ta shafi abincinmu ni da kai.

Akwai gaskiya a ciki, kuma a jikin kaji aka fi ganinta. Ka tuna sagarar nan da muka tarar bara a kwance kusa da mazubin ruwa, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya baya, tana son ta sha ta kasa tashi? Idonta ya koma launin toka. Da muka buɗe ta, hanta ta kumbura har ta cika ciki, ga fararen ƙulluka a jiki, jijiyar cinya ɗaya kuma ta fi 'yar'uwarta kauri nesa ba kusa ba. Wannan shi ne ciwon Marek. Sunan wani likitan dabbobi ne ɗan ƙasar Hangare, József Marek, wanda ya fara bayyana shi a 1907. A zamaninsa ciwon shanyewar ƙafa ne kawai, yana taɓa kaza nan, ya taɓa can. Sai da aka fara tara dubban kaji a ɗaki ɗaya, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, ya zama mai kisa da gaske.

A 1970 aka fara rigakafinsa a Amurka, da wata ƙwaya 'yar'uwarsa da aka samo daga jikin talotalo, wadda ba ta cutar da kaza. Ya yi aiki ƙwarai. Amma kafin a yi nisa sai ga wani nau'in ciwon mai zafi yana tsallake shi. A shekarun 1980 aka haɗa rigakafi biyu wuri guda. Shi ma ya ja lokaci ya fara gazawa, sai a shekarun 1990 Amurka ta koma ga wanda ake kira Rispens, da aka samar a ƙasar Holan. Duk lokacin da aka ƙara tsawon katanga, sai ɓarawon ya zo da tsani mafi tsawo. Wannan ne ya sa masana suka fara yin irin tambayarka.

Inda gizo ke saƙa shi ne, rigakafin Marek yana hana kaza shanyewa da ƙulluka da mutuwa, amma ba ya hana ƙwayar shiga jikinta ta zauna. Kuma mazauninta tushen gashi ne. Farar ƙurar nan mai kama da amosani da kake gani a kan wayar taga da kan kwan fitila, wadda ke tashi in kaji sun karkaɗe jiki, ita ce motarta. Kaza ta shaƙa, ta kamu. A cikin ƙurar nan ƙwayar tana iya yin watanni da ranta.

Yanzu ka ɗauka fasinja ne ya hau mota daga tashar Gombe zai je Kumo, amma halinsa shi ne cinna wa motar da ya hau wuta. In ya cika gaggawa, motar za ta ƙone tun kafin a fita gari, shi ma ya ƙone a ciki, ba zai taɓa isa Kumo ba. Haka ƙwaya mai tsananin zafi take a jikin kazar da ba a yi wa rigakafi ba: tana kashe ta kafin ta fara zubar da ƙura sosai, sai zuriyarta ta ƙare tare da gawar. Mutuwar kaza ita ce rariyar da ke tace masu zafin, masu sauƙi su ne ke wucewa. To idan ka yi wa motar abin da ba za ta ƙone ba, amma ba ka hana fasinjan hawa ba, ai lafiya lau za ta sauke shi a tasha, ya nemi wata motar.

An gwada wannan a zahiri. A 2015 wasu masana, cikinsu da Andrew Read daga Amurka da Venugopal Nair na cibiyar Pirbright a Ingila, suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da nau'o'in ƙwayar Marek biyar, daga mai sanyi zuwa mai zafi. 'Yan tsakin da ba su da rigakafi, da aka sa musu nau'i mafi zafi, cikin kwana 10 sun mutu, ba su yaɗa wani abin kirki ba. Waɗanda aka yi wa rigakafi suka rayu, suka yi ta zubar da ƙwayar, kuma kajin da aka ajiye tare da su ba rigakafi suka kamu suka mutu.

Amma kada ka ɗauki rabin magana ka ruga. Rigakafi ba shi ke ƙera sabon nau'i ba. Ƙwaya kwafin kanta take yi, sau miliyoyi a jikin kaza ɗaya, kuma a wajen kwafin ake samun kuskure, daga kuskuren sabon nau'i ke fita, ko da rigakafi ko babu. Abin da rigakafi ke sauyawa shi ne wanda zai tsira a cikinsu. Su kansu masu gwajin sun faɗa cewa abin da suka nuna shi ne rigakafin yana ba nau'i mai zafi damar rayuwa. Ba su ce shi kaɗai ya jawo zafin ciwon ba, tunda ya fara zafi tun kafin 1970. Cunkoson ɗaki da kiwon buroila da ake yankawa cikin makonni kaɗan su ma suna da hannu. Sannan a 2020 wani gwajin ya nuna cewa kazar da aka yi wa rigakafi ƙwayar da take zubarwa ba ta kai ta marar rigakafi yawa ba, har kajin da suka kamu daga gare ta ciwon ya zo musu da sauƙi a kan waɗanda suka kamu daga marar rigakafi.

Na san inda ka jiyo zancen, tun lokacin korona ake yawo da shi a waya don a tsorata mutane da allura. Wannan ya dame ni, domin an ɗauki gaskiyar kaji an ɗora ta inda ba ta zauna ba. Nau'in korona da aka sa wa suna Alfa an fara ganinsa a Ingila a watan Satumba na 2020, allurar farko kuwa sai a Disambar shekarar aka fara yi wa jama'a a can. Rigakafin ƙyanda tun 1963 ake yinsa, har yau ƙwayar ba ta kuɓuce masa ba. Agana an sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Ka tambayi duk dattijon Bafulatani a Dukku ko Nafada abin da annobar bushiya ta yi wa garken shanu a 1983, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Ciwon nan an sanar da kawar da shi daga doron ƙasa a 2011, kuma allura ce ta yi aikin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda muke sayen rigakafin kajinta na Lasota da Gumboro, saboda bushiya aka kafa ta a 1924.

Saboda haka maganar daina rigakafi ba ta ma taso ba. Nau'i mai zafi ya riga ya shigo duniya, ba zai koma ba don mun ajiye allura. Wanda ya zuba 'yan tsaki marasa rigakafin Marek a ɗakin da aka taɓa kiwo, ya shirya haƙa rami. Abin da labarin nan ya koya mini a sana'a shi ne kada in jingina duk nauyina a kan kwalba.

Na koyi hakan ne da hawaye, shekarun baya kafin ka zo wurina. Na karɓi 'yan tsaki 500 masu ƙwai, an yi musu allurar Marek tun a wurin ƙyanƙyasa kamar yadda aka saba, ranar farko. Ɗakin reno bai bushe ba, sai na raba ɗakin tsofaffin kaji da buhuna na zuba su a gefe guda. Tsofaffin lafiyarsu ƙalau, suna ta zuba ƙwai, ban san suna zuba wani abin ba. Rigakafin nan yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, ni kuwa na sa 'yan tsakin cikin ƙura tun daren farko. Ban ga komai ba sai da suka haura wata uku, na gama kashe kuɗin abinci, sannan suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kullum da asuba sai na shiga da buhu. Ciwon ya riga rigakafin isa ne, kuma ni na buɗe masa ƙofa.

Shi ya sa kake ganin ina matsa maka a kan abubuwan da kake ɗauka wahala ce kawai. In an kwashe kaji, a kwashe garin katako duka, a share rufi da waya da saman katanga, a wanke, a fesa magani, a bar ɗakin ya huta aƙalla mako biyu. Kada a haɗa manya da ƙanana. In za ka zagaya da safe, ka fara da ɗakin 'yan tsaki, ka ƙare da na tsofaffi, kada ka juya, kuma riga da takalmin ɗakin reno su tsaya a ɗakin reno. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma rigakafin da asalinsa mai kyau ne, mu muke raunana shi da hannunmu. Kwalbar Lasota, wadda ake ba kaji a ruwan sha, da ta kwana a firij an ɗauke wuta, ko wadda aka ɗauko daga kasuwa a aljihu cikin zafin watan Afrilu ba ƙanƙara. Ruwan famfo mai sinadarin kilorin da ke kashe ta kafin kaza ta sa baki. Kwalbar kaji 1000 da aka miƙar wa 1500 don a rage kuɗi. Duk waɗannan rabin kariya suke bayarwa, ciwo ya yi ta zagaye a cikin garke yana kwafin kansa, mai kaji kuwa yana barci da sakin jiki wai ya yi rigakafi. Ka ɗauke musu ruwa na awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, ka haɗa da ruwan rijiya mai sanyi da 'yar madarar gari, ka ƙara mazubai don kowace ta samu, su shanye cikin awa biyu.

Abu ɗaya da ke ci mini rai shi ne maƙwabta. Tsofaffin kajinmu da muke sayarwa gab da Sallah, wata baiwar Allah za ta saya ta ga tana ƙwai, ta fasa yankawa ta sake ta cikin kajin gidanta, waɗanda ba su taɓa ganin allura ba. Kazarmu tana da sulke, nata ba su da shi. In ka sayar, ka faɗa wa mai saye gaskiya: ta yanka ce, naman lafiya lau, ciwon ba ya kama mutum, amma kada a haɗa ta da na gida. Garin katakon da manoma ke saye don taki ma kada a jibge shi inda kajin unguwa ke tono.

Ranar Alhamis motar 'yan tsaki za ta iso daga Jos. Kafin a sauke kwali ko ɗaya, ka tambayi wakilin wane irin rigakafin Marek aka yi musu, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata. Gobe kuma da sassafe ka hau tsani ka duba saman katangar ɗakin reno, jiya na shafa da yatsa na ga fari.