Intakom ɗinmu na gurnani da zarar an kunna fitilu

Tambaya: Malam, ina kula da sauti a wani zauren wasan kwaikwayo a Kaduna. Intakom ɗinmu, wato na'urar da ma'aikata ke magana da juna ta kunne lokacin wasa, mai waya ne, samfurin Clear-Com. Da an ɗaga hasken dandamali sai gurnani ya cika mana kunne, kuma tun da muka ƙara akwatin wuta na biyu murya ta yi ƙasa. Ƙananan na'urorin da muke maƙalawa a ƙugu ne suka tsufa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin sayen sababbi. Matsala biyu ce gare ka, kuma babu wadda nake zargin na'urorin ƙugu a kanta.

Mu fara da muryar, don ita ce mai sauƙi. Kowane layi a irin wannan intakom yana buƙatar tamineshan, wato ɗan nauyin lantarki da ke daidaita ƙarfin murya a layin, guda ɗaya tak, mai om 200 (om shi ne ma'aunin wannan nauyi), yawanci a jikin akwatin wuta. Da ka jona akwati na biyu sai ya zo da nasa, suka zama biyu, nauyin ya sauko kusan om 100, murya ta raunana. Duba bayan akwatunan, za ka ga makunnin da aka rubuta Term, ka kashe na guda ɗaya daga cikinsu. Kada ka kashe duka biyun, domin a nan ne sauti zai yi tsalle ya dinga kuwwa.

Gurnanin kuwa sai ka san yadda filogin XLR ɗin, wato filogi mai ƙafa uku da ke bakin kebul na intakom, yake. Ƙafa ta 1 ita ce at, wato wayar ƙasa, ta 2 tana ɗauke da wuta kamar bolt 30, ta 3 kuma ita kaɗai ke kai murya. Waya ɗaya ce da at, ba kamar layin makirufo mai wayoyi biyu da ke kashe hayaniya da kansa ba. Shi ya sa in kebul ɗin ya bi gefe ɗaya da wayoyin dima, wato na'urar ƙara da rage hasken fitilu, ko aka naɗe su tare, duk dattin da dima ke fitarwa sai ya shigo kunne. Raba su, in dole ne su haɗu su gitta juna kawai. Abin da na fi yawan tararwa shi ne kebul ɗin kasuwa da aka haɗe ƙafa ta 1 da ƙarfen filogi. Filogin na taɓa ƙarfen dandamali, at ta samu hanya ta biyu, gurnani ya taso. Mitar gwada lantarki za ta nuna maka wannan cikin minti ɗaya.

Ga yadda za ka kamo mai laifin: cire komai, ka jona na'ura ɗaya a bakin akwatin wuta da gajeren kebul mai lafiya, fitilu a kunne. In shiru ne, ka dinga mayar da kebul ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta dawo. In tun a nan yana gurnani, duba soket ɗin, musamman in kuna kan janareta da ba a kafa masa at ba.

Ka kuma sa wa kebul na intakom tef mai launi dabam, don kada wani yaro ya cusa wannan bolt 30 a cikin miksa, wato na'urar haɗa sauti.