Gadon Hajiya da Murfin Langa

Habu, jiya a mota muna komowa ka yi mini tambaya na yi maka shiru. Ba raina ta na yi ba, gajiya ce, ga direba kuma ya kasa kunne. Cewa ka yi: "Maigida, aikin da bai fi awa uku ba mun wuni a kansa. Gadon ƙarfen nan ko 'yan gwangwan ba za su saye shi da daraja ba, amma ka zauna kana lallashin noti ɗaya-ɗaya. Na jefar da tsohon murfin langa, ka daka mini tsawa a gaban mutane. Mu kafintoci ne ko masu gadin tarkace?"

Tsawar a gaban mutane ban kyauta ba, wannan na karɓa. Sauran kuma bari in warware maka.

Kafinta idan aka kira shi kwance kaya, abin da zai fara tambaya ba yawan gadaje ba ne. Ya fara sanin wane irin tashi ne. Ɗan haya da wa'adinsa ya cika, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin gari, waɗannan sauri suke so, a kwance, a loda, a wuce. Jeren amarya kuwa guɗa ce da hayaniya, ƙawaye goma kowace da inda take so a sa madubi, haƙuri kawai za ka yi. Akwai kwashe kayan macen da aurenta ya mutu. Nan ka sunkuyar da kai, ka yi aikinka da hanzari, kada ka tanka wa kowa ko da an sako ka a zance, kuma duk abin da zai fita a ƙirga shi a gaban danginta da na mijin, don kada gobe a ce kafinta ne ya ɗauke. Sai irin na jiya, wanda ya fi duka nauyi.

Hajiya ta shiga ɗakin nan tana amarya tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. A nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan ta yi jinyar Malam, a nan ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma. Magada suka sayar da gidan don a raba gado, ɗanta ya ware mata ɗaki a gidansa. Wato matar da ta haura shekara hamsin tana buɗe ido ta ga azara ɗaya, ita aka ce ta tattara cikin yini guda. Kai kuma kana ta duba agogon waya.

Mu fara da gadon, tunda shi ya fi tsaya maka a rai. Ka ga na ɗiga wa kowane noti kananzir da baƙin mai, na bar shi ya sha, na je na yi wani aikin, na dawo na ƙwanƙwasa shi a hankali da guduma kafin in sa sifana. Kai kana cewa a kawo zarto a yanke. Da mun yanke, ina za mu samo madadinsa? Irin waɗannan gadaje masu rumfa, zaren notinsu awon inci ne na Ingila, na kasuwa yanzu galibi awon milimita ne. Ka je ka sayo sabo, ya shiga zagaye biyu ya cije, ka matsa da ƙarfi ka cinye zaren. Daga nan sai walda, gadon da aka yi wa walda kuwa ya gama kwantuwa har abada, ga fenti ya ƙone. Sauri ya haifi nawa ke nan. Shi ya sa na sa ka yi wa kowace gaɓa lamba da alli, ɗaya da ɗaya, biyu da biyu, na kuma sa ka zuba notinan a leda ka ɗaure ta a jikin ƙafar gadon, ba a aljihunka ba. Aljihun yaro ya cinye notin mutane da yawa.

Kuma kada tsatsa ta ruɗe ka. Gadon nan za a iya kwance shi sau ashirin ya koma daram. Wanda muke haɗa wa amare yanzu da katakon garin nan da ake matsewa da gam, kwancewa biyu ramin sukurunsa ya yi lako-lako, sai ka cusa tsinke da gam kafin ya kama, ruwa kuwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi. Wadirob ɗin Malam da muka sha wuya mu huɗu, madaci ne zalla. Je ka kasuwar katako ta Na'ibawa ka tambayi kuɗin falankin madaci mai wannan kauri, in ma ka samu busasshe, sannan ka dawo ka gaya mini wane ne tarkace.

Amma ko da a ce gadon ruɓaɓɓe ne, ba bakinka ne zai faɗi haka ba. Nan ne muka zo kan murfin.

Ka dubi jeren da ke saman kabad ɗinta, kwalla da samira da langa, da tasoshi biyu na tagulla irin na Bida. Matan da can waɗannan ne asusunsu. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana tallan goro, ranar biki a jera mata har rufin ɗaki, kowa ya shigo ya ga gatanta. Idan wuya ta zo ta zare ɗaya ta ba dillaliya, idan 'yarta ta isa aure ta rage mata wasu. Kowane kwano a ɗakin tsohuwa akwai sunan wani a jikinsa, ita kaɗai take iya karantawa. Shi ya sa ba a kifa su cikin juna haka kawai, sai an sa takarda ko tsumma a tsakani, domin fentinsu yana ɓantarewa, inda ya ɓantare kuma tsatsa ta samu gida.

Murfin da ka wurga bayan ƙyaure, gefensa ya cinye, uwar kwanon ma ta daɗe da hujewa. Ni ma ban san tarihinsa ba a lokacin. Abin da na lura da shi shi ne, komai na ɗakin ya yi ƙura, shi kuwa a goge yake, kuma ba a cikin jere yake ba, a kusa da filo yake. Abin da aka ajiye kusa da filo ba shara ba ne. Kana can kana sauke katifa lokacin da muka isa sabon gida, ba ka ji ba. Ba ta tambayi talabijin ba, ba ta tambayi firiji ba, cewa ta yi, "Malam kafinta, ina murfin nan?" Da na miƙa mata sai 'yarta ta raɗa mini cewa da shi take rufe wa Malam tuwon dare, shekara da shekaru, ko da aka kawo kuloli na zamani ya ce shi a bar masa kwanonsa.

Ni na san zafin wannan kuskure don na yi wanda ya fi naka, kuma nawa bai gyaru ba. Ina kamar shekarunka, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tura ni ni kaɗai gidan wani dattijo da zai koma gidan da ya gina. Na kwance masa wadirob, na ga cikin ƙyauren duk rubuce-rubuce, wani da tawada, wani da biro, wani ajami, wani boko. Na ce a raina yara sun ɓata wa tsoho kaya. Don in burge, ba wanda ya sa ni, na ɗauki samfefa na goge shi tas, na shafa banish, na kai masa yana ƙyalli. Dattijon ya buɗe ƙyauren, ya daɗe yana shafa wurin da tafin hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya yi kyau, yaro. Allah ya yi maka albarka." Har tukwici ya ba ni. Sai bayan kwana biyu babban ɗansa ya zo shago ya faɗa wa maigidana cewa ranakun haihuwar 'ya'yan gidan ne kaf a jikin ƙyauren, har da na biyu da suka rasu suna goye, waɗanda ba su da takarda ko hoto a ko'ina. Maigidana bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in ke nan, har yau in na ɗauki samfefa a kan tsohon katako sai na juya shi ciki da baya tukuna.

Saboda haka duk aljihun tebur ko na gado, a gaban mai shi ake buɗe shi. Ka ga kuɗi, ko ɗan kunne, ko takardar fili, kada hannunka ya kai, kira mai ɗaki ta ɗauka da kanta. Ko jaridar da aka shimfiɗa a ƙasan akwati kada ka yaga. Jiya ai ka ga wadda ke cikin adakar Malam, Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, ta yi ja don tsufa. Jaridar nan tun 1939 aka fara buga ta a Zariya. Wataƙila shimfiɗa ce kawai, wataƙila kuma akwai dalilin da ya sa aka ajiye wannan fitowar ba wata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Alƙur'ani da gafakarsa da alluna kuwa ba a haɗa su da lodi, ɗan gida mai alwala ya riƙe a gaban mota. Madubi da gilashin kabad a tsaye suke tafiya, a naɗe da bargo, in ka kwantar da su ramin titi ɗaya ya ishe su.

Jakunkunan nan masu ratsi da muka cika da zannuwa, ka san dalilin da ake ce musu Ghana must go? A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama 'yan makonni su bar ƙasar, 'yan Gana wajen miliyan guda suka tattara. Ina yaro na ga wasunsu a Sabon Gari suna karyar da kujeru da katifu a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wani tela da muke kai wa ɗinki ya sayar da komai, har teburin keken, amma ya kwance kan keken ya naɗe shi a zane ya rungume. Tun ranar na gane cewa in kana son sanin mutum, ka duba abin da ya ƙi saki ranar tashi. Jakar dai tufafi ake sa mata, kada ka kuskura ka sa abin fashewa.

Kada ka ɗauka ina cewa komai sai an kwasa. Wani lokaci aikinka ne ka faɗi gaskiya. Bencin zauren nan ai ka ga na ƙwanƙwasa shi ya yi ƙarar ganga, gara ta cinye cikinsa. Kai shi sabon gida kai wa wadirob ajali ne. Amma ban ce a yar ba. Na kira ɗanta na nuna masa, muka je wurinta tare, na ce, "Hajiya, ƙafafun sun tafi, amma saman da sauransa, in kin yarda in fitar miki da 'yar kujera a ciki." Ta yi jim, ta ce a yi. Hukuncin nata ne, ni hanya kawai na nuna.

Maganar wuni kuwa, kana da gaskiya, lokaci kuɗi ne, kuma ba sadaka muka fito yi ba. Kuskuren da yara ke yi shi ne su yanka farashi a waya da jin "gado ɗaya, wadirob ɗaya, kabad ɗaya." Ni sai na tambayi mai tashin, da shekarun da ya yi a gidan, da faɗin ƙofa, da ko mota tana shiga lungun ko sai an yi jigila da kura. Da ɗan Hajiya ya ce mini cikin gari ne, kuma mahaifiyarsa ce, kuɗin yini na faɗa masa, bai ko yi ciniki ba. Wanda ya karɓi kuɗin awa uku a aikin yini, shi ne za ka ga yana fizgar kaya yana huci, ƙarshe ya fasa abin da ya fi ladansa.

Abu na ƙarshe da ka yi ta gunaguni a kai, juya gadon da na sa muka yi bayan mun riga mun ɗaure. Matar ɗan ta so a sa shi ƙarƙashin taga don ɗakin ya fi tsari. A tsohon ɗaki kuwa bango yana damanta, ƙofa tana wajen ƙafafunta. Tsohuwa mai tashi kafin asuba cikin duhu, hannunta ne yake gani ba idonta ba. Ta miƙa hannu ta ji babu bango, ga tayil mai santsi, faɗuwa ce, ƙashin tsoho kuma in ya karye ba ya ɗoruwa da wuri. Shi ya sa tun kafin in kwance nake tsayawa a bakin ƙofa in haddace ɗakin, ina buta take, ina dardumar salla, ina ƙusar da ake rataya carbi.

Ƙusar nan ma ban buga mata ba, magariba ta yi mana. Kuma ƙafar gadon ta baya tana ɗan rawa a kan tayil. Gobe da safe kai za ka je, ni ina da aikin ƙofofi. Ka yanki robar tsohuwar taya guda huɗu daidai tafin ƙafar, ka tafi da ƙusar kankare biyu da ƙaramar guduma. Ka yi sallama ka jira a ce ka shigo, ka durƙusa ka gaishe ta. Kafin ka buga, ka ce ta zauna a bakin gadon ta miƙa hannu, inda yatsunta suka taɓa nan za ka sa ƙusar.