Amsa ga Bashiru kan kibod ɗin rubuta kod

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Bashiru ƙanena, na ga saƙonka tun da la'asar, ina kan moto ne a wajen Rumde Ajiya, shi ya sa sai yanzu nake amsawa. Ga waɗanda ba su ji ba, Bashiru ya ce ya fara karɓar aikin manhaja a Marwa, yana wuni yana kwana a kan laftof, wuyan hannunsa na dama ya fara zugi. Ya tara jaka 30, yana tambaya ko ya sayi kibod mekanik mai fitilu irin wanda yake gani a TikTok. To, bari in faɗa maka abin da na gani a shekarun da na yi a wannan aikin nan Garwa.

Ka ajiye maganar fitilu tukuna. Duba laftof ɗinka, layin haruffa na sama, me aka fara da shi? Na tabbata A, Z, E, R, T, Y ne, tunda yawancin na hannu da ke zuwa mana daga Duwala na Faransa ne ko Beljiyam. To, matsalarka daga nan ta fara. Shi wannan kilabiyen, kamar yadda muke ce masa a nan, an tsara shi ne don rubuta wasiƙar Faransanci. Shi ya sa é da è da ç suka samu wuri mai kyau a layin sama, mu kuma alamomin da muke ci da su aka tura su bayan gida. Ka lura da hannunka gobe in kana rubuta kod da harshen JavaScript. A na Faransa, za ka buɗe akolad, wato alamar {, sai ka danne AltGr, maɓallin da ke daman sandar tazara, ka taɓa 4. Kuroshe, wato alamar [, AltGr da 5. Sandar nan ta tsaye, wato |, AltGr da 6. Alamar imel, AltGr da 0. Wajen rufewa ne abin ya fi muni, domin akolad ɗin rufewa yana can ƙarshen layi a dama, shi ma AltGr yana dama. Babban yatsanka yana ƙasa ya danne, ƙaramin yatsa ya miƙe sama yana lalube, wuyan hannu ya murɗe. Sau nawa kake yin haka a wuni? Sau ɗaruruwa. Kai, ko aya, ɗigo ɗaya tak, sai ka haɗa da Shift. Lambobi ma sai da Shift. Kuma ka san yadda aya take yawan fitowa a cikin kod.

A QWERTY na Amurka kuwa, kuroshe biyun suna nan kusa da P, taɓawa ɗaya. Ka danne Shift, sun zama akolad. Waƙafi mai ruwa yana ƙarƙashin ƙaramin yatsanka, kusa da L, ba sai ka ɗaga hannu ba. Dalili shi ne yawancin harsunan rubuta kod, tun daga C da aka ƙirƙira a Amurka farkon shekarun 1970, mutanen da suka tsara su a kan irin wannan jerin suke bugawa. Shi kansa jerin QWERTY tsoho ne, tun keken rubutun da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, amma har yau a kansa ake tsara gajerun hanyoyin manhajojin da muke aiki da su.

Abin da zan so ka yi kafin ka kashe ko dala: shiga saitin Windows, ka ƙara tsarin Ingilishin Amurka. Rubutun da ke jikin maɓallai fenti ne kawai, kwamfuta ba ta ganinsa. Ka gwada na mako biyu. Zan gaya maka gaskiya, makon farko da wuya. A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta sauko ƙasa. Ni lokacin da na koma, na sha kai hannu inda na saba samun Ctrl da Z don in janye kuskure, sai in danna Ctrl da W, fayil ɗin ya rufe. Amma wajen kwana 20 hannuna ya zauna, kuma ciwon da nake ji a gefen ƙaramin yatsa ya ragu sosai. Maɓallan F da J suna da ɗan tudu a kansu, ka ɗora manunanka biyu a nan, ka hana idonka kallon ƙasa.

Za ka ce to Faransanci fa, tunda da shi muke rubuta wa masu ba mu aiki. Ka bar tsarin biyu a kwamfutar, maɓallin Windows da sandar tazara suna juya maka daga wannan zuwa wancan. Har tsarin Hausa akwai a Windows, wanda ke ba ka ɓ da ɗ da ƙ ta hanyar AltGr, kuma a kan QWERTY aka gina shi. Sai dai in za ka saya ka buɗe ido. Akwai na Jamus, QWERTZ, suna shigowa cikin kayan hannu, kada ka ɗauka. Waɗanda ke zuwa ta Mubi da Yola wasu na Ingila ne, Enter ɗinsu dogo ne daga sama zuwa ƙasa, alamar imel da alamar zance sun sauya wuri. Ana iya aiki da shi, amma ni na fi son na Amurka mai Enter a kwance.

Sai girma. Cikakken kibod maɓallai 104 ne ko 105, da ɓangaren lambobi a dama. Wannan ɓangaren na akanta ne da mai shigar da lissafin shago. Kai da ke rubuta kod ba ka taɓa shi, amma yana tura maus ɗinka can nesa, kafaɗarka tana wuni a buɗe. Nemi wanda aka yanke masa wannan ɓangaren, mai maɓallai 87. Ƙananan nan kuma masu 61, waɗanda yara ke so saboda kyau, ba su da kibiyoyi, ba su da layin F. A VS Code, manhajar da muke rubuta kod a ciki, kullum kana buƙatar F5 don gwada kod, F12 don zuwa inda aka rubuta aikin, F2 don sauya suna. In sai ka danne maɓalli biyu kafin ka same su, ka dawo gidan jiya ke nan.

Maganar mekanik da ka tambaya, e, yana da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Kowane maɓalli da sifirin ɗinsa. A na kamfanin Cherry, da launi ake bambanta irin maɓallan: ja yana sauka sumul da nauyin kusan giram 45, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da ke sanar da yatsa cewa harafi ya shiga, shuɗi kuma ƙas-ƙas yake yi. Zurfinsu milimita 4 ne, amma harafi yana fita tun a 2, wato ba sai ka buga har ƙasa ba, kuma nan hutun yatsa yake. Ni ruwan ƙasa nake amfani da shi. Shuɗi kada ka saya in ɗaki ɗaya kuke kwana da 'yan'uwa, ko kana aiki bayan isha'i kusa da ɗakin Inna, ƙararsa tana ratsa dare.

To amma mu da muke nan Arewa akwai abin da masu bidiyon can ba sa faɗa, ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Na farko da na saya, mai araha ne, a hunturu na biyu harafin E ya fara fitowa biyu-biyu. Ka rubuta sunan abu, kod ya ƙi tashi, ka yi rabin awa kana nema, ashe ƙura ce ta shiga ƙarƙashin maɓalli ɗaya. Kuma maɓallansa an like su da dalma, sai mai gyaran waya ya narke ya cire. Saboda haka in za ka sayi mekanik, tambayi wanda ake zare maɓallinsa da ɗan ƙarfe a sa wani ba tare da dalma ba. Kana tashi ka rufe shi da ƙyalle, duk Juma'a ka kife shi ka kakkaɓe, ka bi da busasshen buroshin fenti. Ka ɗauki mai waya. Marar waya ga batir ga caji, ranar da aka ɗauke wuta kana lallaɓa sauran cajin laftof ba ka son ƙarin abin da zai mutu. Fitilun ma daga batirin laftof suke sha. In kuɗin bai kai mai kyau ba, wallahi Logitech K120 na QWERTY ya wadatar, roba ce a cikinsa, yana jure wahala, ragowar kuɗin ka kai wa kafinta.

E, kafinta na ce, domin na san yadda kake zama. A kan katifa, laftof a cinya, wuya a sunkuye. Ko kibod na jaka 100 ka saya, a haka ciwon ba zai tafi ba. A yi maka tebur daidai tsayin da gwiwar hannunka za ta kwanta ba ɗagawa ba saukarwa. Ɗora laftof a kan littattafai har saman allon ya zo daidai idonka, kibod a ƙasa gabanka. 'Yan ƙafafun nan biyu na bayan kibod, kada ka buɗe su, suna sa wuyan hannu ya tanƙwaro sama. Kuma kada ka danne wuyan hannu a bakin tebur kana bugawa. Tsakanin salla da salla ka riƙa miƙewa ko sau biyu, ka saki hannu.

Abu ɗaya da nake roƙonka, ƙanena. In ka ji babban yatsa da manuni da na tsakiya suna sagewa, ko kamar ana tsikararka da allura, musamman cikin dare har ya tashe ka, wannan jijiya ce ake matsewa a wuyan hannu. Ka je asibiti likita ya duba, kada ka tsaya shafa man zafi.

Ka ce za ka shigo Garwa ranar Asabar. Ka biyo ta gida bayan azahar, ina da guda biyu, mai ja da mai ruwan ƙasa, ka zauna ka rubuta kod na awa ɗaya a kan kowanne, ka ji wanda yatsunka suka karɓa. Ka taho da laftof ɗin in saita maka tsarin. Ka gaida Inna da su Hajiya. Sai da safenku.