Sitiyarin jirgina ya koma kamar soso

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na sayo jirgin ruwa na faiba na hannu daga Legas mai injin Yamaha 200, ina ɗaukar fasinja da shi a Yawuri. Sitiyarin na haidirolik ne, wato mai aiki da matsin mai, samfurin SeaStar. Sai na murɗa kusan rabin zagaye kafin injin ya motsa, in ina gudu kuma gefe ɗaya ya yi tauri, wallahi da yamma har kafaɗa nake ji. Mai kebul da na saba da shi ina jin turin ruwa a hannuna, wannan ko shiru.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan laushin iska ce ta shiga layin man sitiyari, iska tana matsuwa shi kuwa mai ba ya matsuwa, shi ya sa kake murɗawa a banza. Ku zama ku biyu, ɗaya yana ɗura mai ta murfin famfon da ke bayan sitiyari yana juyawa a hankali, ɗaya yana can baya ya sassauta ɗan natin cire iska na jikin silindar sitiyari da ke tura inji har mai ya fito tas ba kumfa, sai a ɗaure a koma ɗaya gefen. Kar robar man ta ƙare a tsakiya, in ta ƙare aiki ya dawo sabo. Don Allah kar bakanike ya zuba maka man birki, yana cinye sil, wato robar da ke hana mai yoyo, kai kuma rayukan mutane ka ɗauko. Nemi man SeaStar ɗin kansa. Bayan nan ƙirga zagaye daga ƙarshe zuwa ƙarshe, in girman famfonka 1.7 ne wajen zagaye 5 za ka samu. Shafa yatsa a sandar silinda ma, in ka ji danshin mai to yoyo ne, iskar za ta dawo sai an canja sil.

Taurin kuma yawanci ba laifin mai ba ne. Jirgin da ya sha ruwan gishirin Legas, sandar da ta ratsa bututun da inji ke lilo a kai takan yi tsatsa, giris ya daskare kamar ƙanzo, a zare ta a goge a sa sabo. In a gudu kaɗai ne, farfela ce ke ja, akwai ɗan ƙarfe kamar wutsiyar kifi a samanta, in jirgi na ja dama ka karkata bayan ƙarfen dama kaɗan ka gwada.

Jin ruwa a hannu dai ba zai dawo ba, akwai bawul a famfon da ke hana inji turo sitiyari baya, da gangan aka yi shi. Sati biyu hannunka zai saba.